Yadda ake kallon zanen 'yan kokowa

A fadarmu ta Zango, nan Damagaram, wani matashi ya kawo zanen 'yan kokowa, hira ta ɓarke har shayi ya huce. Ga abin da na tsinta.

Dattijon cikinmu ya ce a fara ja da baya, taku uku ko huɗu, don a kusa dabbaren fenti kawai ake gani. Kada a nemi kamannin fuska. A dubi ƙafar da ta nutse cikin rairayi, da jar ƙurar da mai zanen ya watsa, da layun da suka karkace a damtse.

Wani ya ce wanda bai taɓa shiga filin kokowa na Langa-Langa ya ga kaye ba, ya je tukuna. Shawararsa ta fi kwanta mini.