A sallami Arteta kawai, mun gaji

Ɗan Gunners: Wallahi jiya ban runtsa ba. PSG ta ci Arsenal ɗinmu 1-0 a gidanmu a wasan kusa da na ƙarshe na Champions na 2025, ta ƙara mana 2-1 a Paris, shikenan wannan kakar ma mun tashi hannu rabbana. Tun Disambar 2019 kocinmu Arteta yake riƙe da ƙungiya, kofin FA ɗaya tal a 2020, daga nan sai na biyu na biyu kamar wanda aka yi wa baki, ga Slot nan shekararsa ta farko a Liverpool ya ɗauke firimiya. A sallami yaron Pep Guardiola a kawo mana koci na gaske.

Mai Shayi: Yaro kuma? Haba malam, mutum mai shekara 43 da iyalinsa, wanda ya riƙe mana kyaftin, shi ne yaro? Ka janye.

Ɗan Gunners: Yaron gida nake nufi. Shekara uku yana ƙarƙashin Guardiola a City, ƙarya na yi?

Mai Shayi: To ai kowa da ubangidansa. Kai da kake gyaran waya a ƙarƙashin wani ka koya, yau in aka ce maka yaron wane za ka ji daɗi?

Ɗan Gunners: Kar ka sako sana'ata a ciki don Allah.

Baban Khalifa: Ku yi haƙuri, yaron gida ba zagi ba ne a Hausa, har mai furfura ana ce masa yaron Alhaji. Abin da ya ɓata min rai shi ne "koci na gaske". Wanda ya ba Madrid 3-0 a Emirates ya bi su har Bernabeu ya ƙara musu 2-1 shi ne na bogi?

Blues Har Abada: Firikik biyu na Rice ne suka ci Madrid ba koci ba. Mu Champions biyu gare mu, 2012 da 2021, ku tun fainal ɗin 2006 kuke ba da labarin jan katin Lehmann.

Mai Shayi: Wa ya sa da kai? Maganar cikin gida muke yi. Kuma ka fara biyana kuɗin indomi da ƙwai na ranar Lahadi.

Blues Har Abada: Na ba ƙaninka a ƙofar gidan kallo, ka tambaye shi, kar ka ci min mutunci a gaban mutane.

Baban Khalifa: Ƙanin nasa yana Zariya tun sati biyu fa.

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda Arteta ya zauna, mutumin da ya haɗa maki 89 a 2024 ba a korarsa, lamba tara kawai za a sayo masa. Kalmar yaro kuskure ce, mai ita ya ba da haƙuri. Ɗan Chelsea kuma na cire shi sai ya biya kuɗin indomi.

Ɗan Gunners: Ni ban yarda ba, kuma ban ba kowa haƙuri ba.