Allin zane mai launi a ajin ƙananan yara

Malamar aji biyu: Assalamu alaikum. An kawo mana allin zane mai laushi, irin wanda ake kira fastel. Yarana 'yan shekara 6 zuwa 7 ne, suna son sa sosai, amma kafin a tashi zanen ya dame, fararen riguna sun koma shuɗi. Yaya kuke yi?

Malamin zane: Wa alaikumus salam, Malama. Takardar littafi tana da santsi, ba ta riƙe garin allin. Nemi mai kaushi. Ni takardar buhun siminti nake kakkaɓewa in yanka, kuma rawaya da fari sun fi fitowa a kanta. Ki kakkarya allin gajeru, su kwantar da shi a gefe su shafa sararin sama, sannan su murza da yatsa ɗaya tak. Sauran yatsun su zauna da tsabta.

Maman 'yan biyu: Don Allah ki hana su hure garin da baki, musamman masu asma, ga hunturu. A ɗaga takardar a bubbuga a kan tsohuwar jarida.

Malamar aji biyu: Na gode. Rigunan fa?

Malamin zane: Kowa ya zo da tsohuwar rigar babansa ya ɗora a sama.