An sallamo ƙanena daga asibitin ƙwaƙwalwa, yaya kuka yi jinyar naku a gida?

Yayar majinyaci, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ne aka sallamo daga Dawanau. Ciwon ya fara masa da rashin barci, sai surutu shi kaɗai, daga baya ya ce yana jin muryoyi suna zaginsa, ya daina cin abincin gida wai an sa masa guba. Yanzu alhamdu lillahi ya dawo hayyacinsa. Likita ya ce maganin na dogon lokaci ne, shi kuwa tun yanzu ya fara cewa ya warke. Waɗanda suka yi irin wannan jinyar, don Allah ku faɗa mana yadda kuka yi.

Manomin albasa, Sakkwato:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Wannan maganar ta "na warke" ita ce wurin da za ki fi sa ido. Yayana a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ake ganinsa. Da ya samu sauƙi, dattawan gida suka ce mutum lafiyayye ba ya shan ƙwaya kullum, ga kuɗin mota ga na magani, aka bari. Damina ba ta fita ba ciwon ya dawo, ya fi na farko tsanani, har sai da muka nemo shi a tashar wani gari ba takalmi. Da muka koma, likita ya mayar da shi kan allurar wata-wata, wadda ake kira Modecate. Ita ta raba mu da rigimar safe da yamma ta ya sha ko bai sha ba. Ni nake riƙe da katinsa, ni nake kai shi. A wakilta mutum ɗaya tak a kan wannan, don idan aka ce na kowa ne, ba mai yi. Yau yana gona tare da mu, shi ke kai kaya kasuwa.

Malamar jinya, Kaduna:
Gaskiya ka faɗa Malam. Sai dai yawancin waɗanda nake gani sun daina magani ba taurin kai ba ne, wahalar maganin ce ba wanda ya yi musu bayaninta. Tsofaffin magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine kan sa jiki ya sandare, hannu ya riƙa rawa, yawu ya riƙa zuba, wani wuyansa ya karkace ko idonsa ya kafe sama. Dangi suna ganin haka sai su ce asibiti ya mayar da yaro dolo. Duk wannan yana da gyara: a koma wurin likita, zai rage adadin, ko ya sauya, ko ya ƙara Artane, maganin da ke rage sandarewar da rawar jikin. Amma Artane ɗin a kulle shi, samari na shansa don maye. Sababbi irin su olanzapine ba su cika sandarar da jiki ba, sai dai suna sa ci da ƙiba, don haka a riƙa gwada sukari. Kada a ɗauki tsohon kwali a je kemis a ce a ba ni irin wannan.

Sannan ki lura da barcinsa. Kafin ciwon ya dawo, barci ne yake fara gudu.

Maman 'yan biyu, Gusau:
Ni ba jinya na yi ba, ni aka yi jinya. Ina jego abin ya same ni, ban san dare ba ban san rana ba, na ce jaririn ba nawa ba ne. Aka ce iska ce, wasu suka ce jifa. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, na sha rubutu. Mijina, Allah ya saka masa, ya ce a ci gaba da addu'a amma asibiti za shi da ni. Har yau ina azkar ɗina ina shan maganina, ban ga inda suka yi karo ba.

Yaya, abin da nake roƙonki shi ne wannan. Bayan na warware, abin da ya fi ciwon kansa ƙona min rai shi ne a zauna a gabana ana maganata kamar ba na wurin. Idan na yi fushi irin na kowa, sai a ce ta motsa. Aka hana ni girki, aka hana ni goyon ɗana. Ki tambayi ƙanenki me yake ji idan ya sha maganin, ki bar shi ya yi wa likita bayani da bakinsa, ki ba shi aiki a gida, ko aike ne. Mu ma muna jin kunya, muna kuma tuna duk abin da aka faɗa a kanmu.

Direban tirela, Funtuwa:
Duk abin da za ku yi, kada ku kai shi gidan mari. Ɗan baffana an kai shi wani gida, ya dawo da tabon ƙarfe a ƙafafu biyu, kuma ko ƙarar sarƙa ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa. Kun tuna a 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu a ɗaure. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 an maye gurbinta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu, wadda ta ce mai wannan lalura yana da haƙƙi da mutunci kamar kowa.

Hajiya, Azare:
Ɗana, ban musa maka ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu mun taɓa ɗaure namu. Mata ne kawai da yara a gidan, ya ɗauki taɓarya, asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa kuma tafiyar yini ce. Ina kuka aka ɗaure shi. Abin da ya kwance igiyar nan shi ne wani ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu da aka horar kan wannan ciwo. Shi yake masa allura, idan bai gan mu ba ya hau babur ya biyo mu gida. A kawo mana magani kusa, ba uwar da take son ganin ɗanta a turu.

Tsohon malamin makaranta, Zariya:
Hajiya, abin da kike nema an taɓa yinsa a ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta: majinyaci ya sauka a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa guda, da rana ya je asibiti, da yamma ya dawo cikin jama'a. Horon da ma'aikacinku ya samu kuwa, ina jin irin shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi ne a 2008 don ƙananan asibitoci.

Ɗalibi, Jos:
Anti malamar jinya, idan ya ƙi sha fa? Mu mahaifiyarmu a kunu muke zuba mata.

Malamar jinya, Kaduna:
Ƙanena, ku daina sai da shawarar likita. Ranar da ta gane, za ta ƙi abincin gidan gaba ɗaya, kuma kun tabbatar mata da zargin da ciwon yake sa mata. Ku nemi wanda take jin maganarsa ya zauna da ita, ku faɗa wa likita gaskiya ko za a koma allura. Idan kuma ta fara cewa gara ta mutu, ko muryoyin suna umartarta ta cutar da kanta ko wani, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati. Ku kawar da wuƙa da fiya-fiya da maganin ɓera, wani ya zauna tare da ita, ku kai ta asibiti a ranar.