Dutsen washina na daimon ya yi sulɓi, ya mutu ke nan?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara, abin nan ya dame ni. Da can dutse na yau da kullum nake wasa wuƙaƙena da shi, har tsakiyarsa ta ci ta yi rami, bakin wuƙa ba ya zama daidai. Yayana ne ya matsa in sayi na daimon, wai shi ba ya rami. Na daɗe ina tara kuɗinsa, har muka samu saɓani da mai ɗakina don tana ganin ɓarna ce, ni kuma na kafe. Da farko yana cin ƙarfe sosai. Yanzu ko shekara bai yi ba, ya yi sulɓi. Ya mutu ne? Wai shekara nawa ya kamata ya yi?

Tsohon mawashi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bai mutu ba. Abin da ka saya farantin ƙarfe ne da aka manna wa ƙwayoyin daimon da wani ƙarfe mai suna nikel, shimfiɗa ɗaya tak. Yana sabo, akwai ƙwayoyin da suka fi sauran tsini, su ne ke karyewa da wuri, sai dutsen ya zauna a kan kaushinsa na gaskiya. Kowane irinsa haka yake yi. Ka goga gindin kwalba a kai. In ya karce ta, daimon na nan. Mai kyau yana yin shekaru a hannun mai wasa wuƙaƙen gida, muddin ba a danne shi ba. Lamba nawa ne naka, wato lambar da ke nuna kaushinsa?

Wata 'yar uwa: Malam, wataƙila garin ƙarfe ne ya toshe shi. Ka wanke da sabulu da buroshi, ko ka murza robar goge fensir a kai. Ni nawa tsatsa ta cinye, maƙwabcina ya ara ya dawo min da shi a jiƙe, ko haƙuri bai ba ni ba. Tun daga nan na daina ba da aro.

Wani mamba: Ku daina ba shi fata. Masu araha nikel ɗinsu ba ya riƙe komai, ƙwayoyin zubewa suke. Na sayi irinsu, duk a shara suka ƙare. Ka koma dutsen ruwa, wato dutsen washi da ake jiƙawa da ruwa. In kuma ka nace, ka riƙa ɗiga masa mai.

Tsohon mawashi: Wane mai kuma? Ruwa ya isa, ko a bushe, sai a goge a shanya. Na kamfanin DMT mai kaushi lamba 325 ne, mai laushi 600. Samfurin Atoma na Japan yana da 140, 400, 600 da 1200, kuma ana iya sauya fatar samansa in ta ci. Wanda ya sayi 600 yana son ya gyara wuƙar da ta yi giɓi, dole ya danna, dannawar kuma ita ke tumɓuke ƙwayoyin. Ba abin da ya fi daimon tauri, amma nikel ɗin da ke riƙe shi fa?

Mai tambaya: Na gode, ranka ya daɗe. Amma wuƙaƙena manya ne, in ban danna ba sai in wuni a kai. Kuma nawa ba mai araha ba ne, Malam. Ina goge shi da tsumma kullum.

Tsohon mawashi: Tsumma ba wanki ba ne. Ka gwada kwalbar?

Wata 'yar uwa: Ko kana ba da aronsa?

Mai tambaya: Yayana kawai, shi ma sau ɗaya, ya daidaita tsohon dutsensa da shi. Ban ga laifin hakan ba. Ni dai tambayata, shekara nawa yake yi?