Wane suna za mu ba juneberry da Hausa?

Jama'ar Kaduna masu harkar furanni da dashe, tun da aka fara yaɗa hoton wannan itaciya ake tambayar sunanta da Hausa. Ba ta da shi, domin ba tsiron ƙasarmu ba ce. Asalinta Amurka ta Arewa, masana tsirrai suna kiranta Amelanchier, kuma dangi ɗaya suke da tuffa. Ana shuka ta a ƙofar gida don ado: farin fure mai kunne 5 da zarar sanyi ya fara wucewa, sai 'ya'ya ƙanana da ke fara ja su koma baƙi-baƙi a watan Yuni. Ana cin su ɗanye, ana shanya su, ana dafa su da sukari a shafa wa burodi, in dai tsuntsaye ba su riga mai lambu ba.

Wata 'yar uwa ta ce a kira ta 'yar Yuni. Sunan yana da daɗin faɗi, amma Yunin Bahaushe damina ce, mai ji zai zaci itaciyar ruwan sama ce. Wani dattijo ya kawo ɗinyar Turawa, bisa tsarin dankalin Turawa. Baba, rabin farko na karɓa hannu bibbiyu, don duk wanda ya ga nunanniyarta ɗinya zai tuna. Rabi na biyu ne ban yarda da shi ba. Tun kafin Bature ya taka Amurka ta Arewa, mutanen Cree, 'yan asalin yankin, suke tsinkar ta, su busar, su kirɓa da busasshen naman ɓauna da kitse ya zama guzurin hunturu. Birnin Saskatoon na Kanada ma daga sunan da suke kiranta ya samo nasa. Ba daidai ba ne mu ɗauki abincin kakannin wasu mu jingina wa baƙonsu.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne ɗinyar sanyi.

Dalilina na manomi ne. Itaciyar sai ta yi makonni tana barci cikin sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7 kafin ta yi fure yadda ya kamata. Hunturun Kaduna, duk tsananinsa a Disamba da Janairu, ba ya riƙe irin wannan sanyi. Wanda ya ji sunan zai tsaya ya yi tambaya kafin ya zuba kuɗinsa a irin da aka yi masa talla a intanet.

Na san za a ce ɗinyarmu babbar bishiya ce mai ƙwallo ɗaya mai tauri, ita kuwa wannan ƙananan iri ne masu laushi a cikinta, ana haɗiye su tare da tsokar. Gaskiya ne. Amma tsamiyar biri ma ba tsamiya ba ce, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa a kasuwa. Malaman Hausa da na aikin gona na Zariya, in kuna da wanda ya fi wannan, ku kawo mu gani.