Yaro zai shiga aji ɗaya a Legas: me za a yi kafin Satumba?

Wani uba, Mile 12: Assalamu alaikum. Yaron da Hausa kawai yake ji a gida, shekara 6, ta ina za a fara shirya shi?

Malamar firamare, Agege: Wa alaikumus salam, Yaya. Kada a fara da waƙar ABCD. Yaro zai rera ta har ƙarshe bai gane harafi ɗaya a allo ba. Sauti ake fara koyarwa. Makarantun da ke bin tsarin Jolly Phonics da s, a, t, i, p, n suke farawa, don da su shidan nan ake haɗa sat, pin, tap. Minti 10 a rana ya isa, kuma sai sauti ya zauna a wuce gaba. Inda yaranmu ke tuntuɓe shi ne p, tunda Hausa ba ta raba shi da f, sai pan ya koma fan. A riƙe masa 'yar takarda gaban baki: p na buge ta sau ɗaya, f kuwa iska ce ke zarcewa.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba: Malama ta yi daidai. Ƙari, yaron da ya saba da alif, ba, ta yakan fara rubutun boko daga dama. Ba daƙiƙanci ba ne, kada a doke shi. A sa jan ɗigo a hagun kowane layi, a ce masa daga nan boko ke tashi. Kada a jera darasin boko da na Larabci a zama ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya, Obalende: Alhaji, a nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da katin rigakafi tun yanzu. Barci kuma, mako biyu kafin buɗewa a mayar da shi ƙarfe 8, don cunkoson Legas kan sa a fita da sassafe. In yana matse ido ko sai an kira shi sau uku, a duba masa ido da kunne kafin a ce taurin kai ne.

Malamar firamare, Agege: Hajiya ta tuna mini. A koya masa neman izinin banɗaki da Turanci. Masu yi a wando galibi kunyar magana ce. Yarbanci zai same shi a aji, dokar jihar ta 2018 ta wajabta shi. Amma kada a daina masa tatsuniya da Hausa. In an gama, shi ya maimaita ta daga farko.