Wai me za mu kira "ikosistem" na gonar shinkafa da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, masu Hausa a baka ku zo ku fitar da ni don Allah. An ba ni wata 'yar takarda ta malaman gona in juya ta Hausa saboda manoman shinkafa na wajajen Kura da Kadawa, tun shafin farko kalmar nan ikosistem ta tare ni kuma ta ƙi ba ni hanya. Na so in sa "muhalli" in wuce abina, to amma muhalli ai mun riga mun ba shi aiki, har ma'aikata gare shi, in ka ce wa mutum muhalli shara da kwata zai fara tunawa.

Bari in faɗi abin da ake nufi tukuna don kar a yi ta harbin iska. Ka ɗauki fangali ɗaya, ranar da aka sako masa ruwan madatsar Tiga ƙasa ce kawai da guntayen karan bara, kafin ka ankara gansakuka ta fito, ƙananan ƙwari sun taru suna cin ta da ruɓaɓɓen kara, sauro ya zuba ƙwai, talibambam sun cika ruwan, su kuma kwaɗi da gizo-gizo sun zo cin waɗannan ƙananan, to shi ya sa lokacin da tsutsa mai huda kara za ta iso ta tarar da masu jiran ta sun riga sun yi ƙiba. Balbela na bin mai huɗa. Katantanwa na nan a magudanar ruwa, ita ce ma mai ɗauke da tsargiya. Shinkafa ta fid da kai jan baki da ɓera su sauka, maciji da mujiya su bi ɓeran. A yanke, a janye ruwa, shanu su shigo su ci kara su bar kashi, komai ya watse sai wani zubin. Duk wannan, haɗe da ruwan da laka da rana, suna ɗaya nake nema masa.

To na ga amsoshinku, Allah ya saka da alheri.

Malam da ka ce "cuɗe-ni-in-cuɗe-ka", wallahi ta yi daɗin baki amma fa kwaɗo ba cuɗar ƙwaro yake ba, haɗiye shi yake hhh. Rabin abin da ke cikin fangalin nan cin juna ne.

Hajiya "zamantakewar halittu" ta fi kusa, na ma rubuta ta sannan na goge. Matsalarta ta bar ruwa da ƙasa a waje, ruwa ba ya zamantakewa da kowa. Kuma shi Baturen Ingila da ya fara yaɗa kalmar ikosistem a 1935, Arthur Tansley, masanin tsirrai ne, dalilinsa ke nan ma, ya ce a daina kallon masu rai su kaɗai, a haɗa su da marasa ran da suke dogara da su. A gonar shinkafa kuwa ruwa ne sarki, ka ƙara shi ciyawa ta nutse, ka janye shi kwana kaɗan rabin mazaunan sun mutu ko sun yi hijira.

"Tsarin halittu" da mutane da yawa suka kawo, ban ce kuskure ba ne, sai dai tsari kamar abu ne da aka jera aka ajiye, ga shi mun gajiyar da kalmar, tsarin mulki, tsarin karatu, tsarin waya.

Wanda ya ce "kashin dankali" kai ma ka san neman magana kake.

Amma dattijon da ya ce "saƙar muhalli", ranka ya daɗe nan na tsaya. Masaƙi na da zare yana da abawa, ga masu rai ga marasa rai, kuma ka ja zare ɗaya sai zanen ya bi ka. An gani a Indunusiya, manoma suka dinga feshi ba ƙaƙƙautawa, maganin ya kashe gizo-gizo da sauran masu farauta, wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai tsotse ruwan jikin shinkafa ya samu sarari ya hayayyafa ya ƙone gonaki, har a 1986 Shugaba Suharto ya hana fesa magunguna 57 a kan shinkafa. Na san manoman da ke feshi tun sati biyu da dashe wai rigakafi, in na ce musu kuna tsinke saƙar gonarku ba sai na ƙara bayani ba.

Ga kuma garaɓasa, takardar tana maganar yadda abin ke sauyawa daga dashe zuwa girbi, ashe muna da "saƙa da warwara" ajiye tun tuni, ko da yake a kan tunani muka saba faɗin ta.

Ɗan uwa da ya ce manomi zai zaci saƙar tabarma ake nufi, ƙila da gaskiyarka a ji na farko. Na dai rubuta kan takardar haka: "Saƙar muhallin gonar shinkafa: yadda take saƙuwa da yadda take warwarewa". Ranar Juma'a zan karanta wa kawuna da ke noman rani a Bunkure ba tare da na fassara masa komai ba, in ya ce me ke nan zan dawo mu sake zama.